Zuliha a Bakin Teku

Duk wanda ya san unguwar masu turara shinkafa a Kura ya san Zuliha, matar Alhaji Sammani mai taki. Gajeruwa ce, baƙa, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana. In tana tafiya sai ka rantse wani abu ta bari a kan wuta, kuma yawanci hakan ne.

A wani ƙauye kusa da Bunkure aka haife ta, inda kanal ya ratsa ta bayan gidansu. Mahaifinta manomin rani ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Tana da shekara goma sha ɗaya uwarta ta rasu, ta bar mata ƙanne huɗu, ƙaramin ko yaye ba a yi masa ba. Tun daga ranar bayanta bai huta da goyo ba. Da goyo take ɗebo ruwa, da goyo take kai wa mahaifinta abinci gona, in lokacin dashe ya zo ta sauke yaron a gindin bishiya ta shiga taɓo tare da manyan mata. Makarantar allo kawai ta yi, ita ma rabi da rabi.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Sammani. A lokacin taki yake aunawa kwano-kwano a kan tebur a kasuwar Kura. Shi ya gan ta ya ce yana so, ita ma ba ta ƙi ba. Goyon ƙanne ya ƙare, na 'ya'ya ya fara. Yusuf ne na fari, sai Rahma, sai Suhaibu, sannan bayan an daɗe aka sami auta, Raliya. Tsakanin haihuwa da haihuwa tana turara shanshera a manyan tukwane a bayan gida, ta shanya, a kai inji. Shi kuma Allah ya buɗa masa, tebur ya zama shago, shago ya zama sito biyu a bakin titi, manoma tun daga Garun Mallam har Madobi wurinsa suke sayen taki.

Shekara ashirin da uku suna tare, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba. Sai dai in ka saurari hirarsu, duk a kan abu ɗaya take. An kai Raliya allura? Suhaibu ya je islamiyya? Takalmin Rahma ya tsinke. Shi yana cin abincinsa a zaure tare da mutanensa, ita tana ci a tsakar gida da yara kewaye da ita. Ba ta taɓa ganin wani abu ya ragu a cikin wannan zaman ba.

Wata rana bayan la'asar ya shigo gida da farar ambulan a hannu, fuskarsa a sake. Ya same ta tana kwashe shinkafa daga shanya.

"Maman Rahma, ajiye wannan ki zo ki ji."

Ta karkaɗe hannu ta zo ta tsuguna.

Ya ce kamfanin da yake sayar wa taki ya zaɓi dillalai ashirin a faɗin ƙasa, shi yana ciki. Za a kai su wani tsibiri da ake kira Zanzibar su huta kwana bakwai, kowa da matarsa.

"Tsibiri kuma? A tsakiyar ruwa?"

"A tsakiyar teku. Musulmi ne mutanen wurin, an tabbatar min."

"To yaran fa?"

"Ba a zuwa da yara."

Ta juya ta kalli Raliya, wadda ke zaune a kan buhu tana wasa da murfin kwalba. Shekararta uku a lokacin.

"Alhaji, ka tafi kai kaɗai mana. Allah ya kiyaye hanya."

Sai ya ɓata rai, abin da ba ya yawan yi. "Kowa ya zo da matarsa, ni in je ni kaɗai kamar gwauro? Tun da na aure ki, ina na taɓa kai ki? Na riga na ba da sunanki."

Labari ya bazu a unguwa kafin a gama yi mata fasfo. Wasu suka zo taya murna, wasu suka zo jin ƙwaƙwaf. Wata tsohuwa ta ce da Makka ce da ta gane, amma a bar 'ya'ya a tafi kallon ruwa, ruwan da ga shi nan yana wucewa a kanal kyauta? Zuliha ita ma a ranta abin da take faɗa ke nan.

Aka ɗauko Goggo Tambaya, yayar Sammani, daga Madobi ta zauna da yaran. Sati guda Zuliha ta yi tana shiri kamar wadda ba za ta dawo ba. Ta daka yaji, ta soya miya ta cika robobi, ta wanke kayan kowa ta ninke. Ta zaunar da Rahma ta yi ta jera mata: Suhaibu ba ya cin kuɓewa, kada a bari ya je wanka kanal, Raliya sai an shafa mata baya take barci, in ta yi tari ga zuma a saman kwaba. Har Goggo Tambaya ta gaji ta ce, "Ke Zuliha, ni ma fa na haifa na raina."

Ranar tafiya da safe aka aika Raliya gidan maƙwabta da alewa a hannu don kada ta ga fitar uwarta. Zuliha ta shiga mota ba ta yi mata sallama ba. Har suka wuce injinan shinkafa suka hau titin Kano tana waiwaye.

Jirgi biyu suka shiga kafin su isa. Masaukin da aka kai su yana bakin teku, farin gini ne da bishiyoyin kwakwa kewaye. Ɗakin ya fi falonsu na gida girma. Abu na farko da ta nema tsintsiya, ba ta samu ba. Washegari ta gyara gado tsaf, wata ma'aikaciya ta shigo ta warware ta sake gyarawa. Abinci kuwa a jere yake a kan dogayen tebura, kifi kala-kala, shinkafa mai ƙamshin kanumfari, 'ya'yan itacen da ba ta san sunansu ba. Ba wanda ya ce mata ƙara min, ba wanda ya tsoma hannu a nata. Ta ci kaɗan ta ture.

Da safe mazan sukan shiga taro da mutanen kamfani. Sauran matan, na Legas da na Abuja da na Fatakwal, suna fita da manyan huluna suna ɗaukar hoto. Ba su wulaƙanta ta ba. Sun yi mata murmushi, ɗaya har ta yaba hijabinta, amma Turanci suke yi, ita kuma nata bai wuce gaisuwa ba. Sai ta koma barandar ɗakinta ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan cinya tana kallon ruwa. Ba ta taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba.

A rana ta biyu Sammani ya kira gida ta waya mai hoto ya miƙa mata. Ta riga ta shirya jin kuka. Sai ga fuskar Rahma tana dariya.

"Umma! Nuna mana tekun!"

Ta juya wayar. Ta ji ihunsu.

"Kun ci abinci?"

"Mun ci. Goggo ta yi mana ɗanwake. Umma, Suhaibu fa ya ci miyar kuɓewa jiya, har da ƙari."

"Ina Raliya?"

Aka kawo ta a hannun Goggo Tambaya, an yi mata sabon kitso. Ta kalli wayar, ta kalli uwarta, sannan ta zame ta sauka ta bi kaza da gudu.

"Tana barci kuwa?"

"Ras," in ji Goggo. "Ko shafa bayan ba na yi. Ki kwantar da hankalinki ki huta."

Zuliha ta ce alhamdulillahi, kuma har zuciya ta faɗa. Amma da ta miƙa wa mijinta wayar sai ta tashi daga wurin. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta daɗe a tsaye.

Da yamma aka shirya musu tebur, kowane miji da matarsa, a waje, a kan yashi. Wannan ne karo na farko da ta zauna cin abinci fuska da fuska da Sammani. Ta rasa inda za ta ajiye idonta. Ya tambaye ta ko abincin ya yi mata, ta ce ya yi. Ya ce iskar nan da daɗi, ta ce da daɗi. Suka yi maganar kitson Raliya, suka yi maganar kuɓewar Suhaibu, maganar ta ƙare. A teburin kusa da su wata mata tana ta ba mijinta labari har yana buga ƙafa don dariya. Sammani ya ciro waya ya fara duba farashin tumatir. Ita kuma ta lura, a karon farko, cewa gemunsa ya fi rabi fari, kuma yana tauna da gefe ɗaya. Ba ta san yaushe haƙorin ya fara damunsa ba.

A rana ta uku da hantsi ta fito baranda sai ta ga teku ya tafi. Ruwan da jiya yake dukan gindin katanga ya janye can nesa, ya bar fili fari fat, da 'yan kududdufai nan da can, kamar an rufe ƙofar kanal. A cikin filin, can ciki, ta hango mata a sunkuye, sun ɗaura zannuwa masu launi, kawunansu a rufe. Wannan sunkuyon ta san shi. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta nufe su.

Ashe gona ce. Sun kafa 'yan turaku a jere, sun ja igiya daga wannan zuwa wancan, suna ɗaura wata irin ciyawar teku mai kauri a jikin igiyar, tsiro-tsiro, da tazara daidai. Ruwan bai wuce ƙwauri ba. Ta tsaya kusa da wata dattijuwa siririya mai zaune cikin ruwan, ta yi sallama. Matar ta ɗago ta amsa sallamar cikakkiya, sannan ta ce, "Habari?"

Zuliha ta ji kamar an ce mata ina labari. Bakinta ya riga ta: "Sai alheri."

Matar ta yi dariya, ta maimaita kalmar yadda harshenta ya iya, ta matsa gefe. Zuliha ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu, ta tsuguna. Sau biyu ta kalli yadda ake ƙullin, a na uku hannunta ya kama. Kafin a jima ta gama igiya guda. Matar ta duba, ta ja ƙulli ɗaya ta ga bai kwance ba, ta kira sauran da ƙarfi tana nuna ta. Suka yi ta dariya suna magana da yarensu, ita ma ta yi ta dariya ba ta san abin da ake cewa ba.

Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Mwanaisha." Zuliha ta ce, "Nana Aisha," matar ta gyaɗa kai, aka bar shi a haka.

Kwana uku tana zuwa. A zuwanta na biyu, suna hutawa a kan wani dutse, ta ciro wayarta ta nuna wa Nana Aisha hoton yaran ranar salla, tana kiran sunayensu, ban da na farin, wanda ta nuna da yatsa kawai. Nana Aisha ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga yatsu biyar ta dafa cikinta. Ta kama yatsa na farko ta nuna can ƙetaren ruwa. Na biyu ma haka. Na uku ta nuna sama ta yi alamar jirgi, ta ce Maskat, wani birnin Larabawa. Na huɗu ta nuna hanyar birni. Na biyar ta riƙe shi, ta nuna ƙasa, ta shafa fuska da hannu biyu. Daga nan ta nuna wani ɗan gida mai rufin kwano can bayan bishiyoyin kwakwa, ta nuna kanta, ta ɗaga yatsa ɗaya.

Zuliha ta ce, "Allah ya ji ƙansa." Matar ta ce amin. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har ruwa ya fara dawowa yana lasar ƙafafunsu.

A zuwanta na uku Sammani ya fito daga taro da wuri bai same ta a ɗaki ba. Wani ma'aikaci ya nuna masa da hannu. Ya naɗe wando ya tako har inda take, ransa a ɓace.

"Haba Zuliha! Na kawo ki ki huta, kin zo kina ƙwadago? In mutanen nan suka gan ki me za su ce?"

Ta miƙe a hankali, ruwa na ɗiga daga hannunta. Rabon da ta ji sunanta a bakinsa har ta manta.

"Zaman ne ya ishe ni, Alhaji."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai idonsa ya kai kan igiyoyin. Ɗan manomi ne shi ma. Ya sunkuya ya taɓa ciyawar, ya murza, ya shinshina.

"Wannan ba a sa mata taki?"

"Ba a sa mata komai. Ɗaurawa kawai ake yi."

"Ikon Allah. Da haka shinkafa take da na rufe shago."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Suka taka tare zuwa gaɓa, suka zauna a inuwar kwakwa, ƙafafunsu duk yashi. Ta ba shi labarin yatsu biyar na Nana Aisha. Ya saurara har ƙarshe. Sai ta ji kanta tana cewa:

"Alhaji, in yaran nan suka watse, ni da kai me za mu riƙa cewa?"

Ya juyo ya kalle ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu. Ya ɗebi yashi ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Ai da sauran lokaci," in ji shi.

"Da saura."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ta ga alamar yana nema. Sai wayarsa ta yi ƙara, direban da ya ɗauko masa taki ne motarsa ta lalace a Kwanar Ɗangora. Ya tashi yana magana da ƙarfi, ya yi gaba.

Ranar da za su taho ta fita da wani sabon zanin atamfa a leda, tana so ta ba Nana Aisha. Amma lokacin janyewar ruwa yana matsawa kullum, ita ba ta lissafa da haka ba. Ta tarar teku a cike, ya shanye turakun da igiyoyin, babu kowa. Ta bi ta bayan bishiyoyin ta sami gidan, ƙofa a rufe da ƙaramin kwaɗo. Ta rataye ledar a jikin ƙusa. Mota na jiran su, ba ta iya tsayawa ba. Har yau ba ta san ko zanin ya isa hannun mai shi ba.

Sun iso Kura ana kiran azahar. Suhaibu da Rahma suka fito da gudu suka rungume ta, suka wuce kan jakunkuna. Tsakar gida a share, tulu a cike. Rahma ta sauya wa tukwane wuri a kicin, kuma Zuliha ta ga inda ta sa su ya fi. Ta tsuguna ta buɗe hannu ta kira Raliya. Yarinyar ta kalle ta, ta ɓuya a bayan zanin Goggo Tambaya. Aka yi lallashi, aka nuna mata 'yar tsana, ta karɓi 'yar tsanar ta koma.

"Fushi take yi," in ji Goggo. "Ƙyale ta, za ta sauko."

Kwana huɗu yarinyar ba ta yarda uwarta ta taɓa ta ba. Zuliha ba ta matsa mata ba. Ta raba wa maƙwabta kanumfari, ta amsa tambayoyinsu, e, tekun yana da girma, e, akwai masallatai. Ba ta ba kowa labarin gonar cikin ruwa ba. A rana ta biyar tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana tsince shinkafa, sai ta ji nauyi a bayanta. Raliya ce ta zo ta kwanta, ta saƙalo wuyanta. Zuliha ta ci gaba da tsintar, ba ta motsa ba, don kada ta kore ta.

Shekara shida ke nan da wannan tafiya. Yusuf yana Kaduna yana aiki, ya yi aure can. Rahma tana gidan mijinta a Zariya. Suhaibu yana makarantar kwana, sai hutu. Raliya tana fita da safe, daga boko ta wuce islamiyya, sai dab da magariba take shigowa. Zuliha ta bar turara shinkafa bara, likita ya ce hayaƙi zai cinye mata ido. Sammani yana nan lafiya, sito ya zama uku.

Abin da ta kasa koya shi ne awo. Kullum sai ta ce yau kwano ɗaya za ta dafa, kullum hannunta sai ya ƙara. In ta sauke ta zuba nata, ta rufe na mijinta da na auta, sai ta ga tukunya ko rabi ba ta yi ba. Sai ta je jikin katanga ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarta ta ce ta miƙo kwano.